Tudu da Fadama: Ƙasar Auyo, Ƙaramar Hukumarta da Makarantunmu

Jawabin da aka gabatar a taron reshen ƙungiyar malamai na Ƙaramar Hukumar Auyo





Shugabannin reshe sun nemi in yi magana a kan ƙaramar hukumarmu, yadda ƙasarta take da yadda ake mulkinta. Mai yiwuwa wani ya ce wannan ai darasin 'yan aji huɗu ne, me ya kawo shi taron ƙungiya, inda aka saba tattauna albashi da ƙarin girma? Amsata ita ce, abubuwa biyu ne suka fi rufe makarantar firamare a irin wannan yanki namu, wato ruwa da rashin kuɗi. Na farko maganar labarin ƙasa ce, na biyu kuwa maganar tsarin mulki. Malamin da bai san inda ruwan yake fitowa ba, bai kuma san hanyar da kuɗin yake bi ba, ranar da abu ya ɓaci ba zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Saboda haka zan fara da ƙasar, in koma kan hukuma, sannan in kawo abin da nake ganin ya kamata reshenmu ya nema.

Yadda ƙasar take

Auyo ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Tana kuma cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, tare da Haɗeja, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Kirikasamma da Guri. Mazaɓunmu goma ne: Auyo, Auyakayi, Ayama, Ayan, Gamafoi, Gamsarka, Gatafa, Kafur, Tsidir da Unik. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanenmu sun haura dubu 130, kuma duk wanda yake riƙe da rajistar aji ɗaya ya san an ƙaru ƙwarai tun daga wancan lokaci.

Wanda ya zagaya waɗannan mazaɓu zai ga ƙasa iri biyu. Akwai tudu, inda rairayi yake, akwai fadama, inda laka da taɓo suke. Tuddan rairayin nan iska ce ta tara su a wani zamani mai nisa da fari ya yi tsanani a wannan yanki, daga baya ciyawa da itatuwa suka riƙe su. Irin wannan ƙasa ake kira jigawa, kuma daga nan jiharmu ta samo sunanta. A kanta ake noman gero, dawa, wake, riɗi da zoɓo. Tsakanin tuddan kuwa akwai kwari mai faɗi wanda kogi yake malala a cikinsa. Nan ne fadamar shinkafa, alkama, tumatir, albasa da tattasai, nan ne masunta suke, nan kuma makiyaya suke gangarowa da rani neman ciyawa da mashaya.

Ruwan saman da muke samu ba shi da yawa. A matsakaiciyar shekara kimanin milimita 600 ne, yana sauka tsakanin Yuni da Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Da a ce wannan kaɗai ne ruwanmu, da ba mu san ambaliya irin wadda muka sani ba. Mafi yawan ruwan da yake cin gonakinmu, ya yanke hanyoyinmu, a wata ƙasa ya sauka. Kogin Kano da kogin Challawa suna kwaso ruwan kudanci da yammacin Jihar Kano, su haɗu kafin Wudil su zama kogin Haɗeja. A can sama ƙasar mai duwatsu ce, tana da gangara, ruwa yana gudu. Da ya wuce Wudil ya nufo Ringim sai ya shigo shimfiɗaɗɗiyar ƙasar rairayi ta kwarin Tafkin Cadi, inda gangarar ba ta taka kara ta karya ba. Sai gudunsa ya ragu, ya zubar da yashi da lakar da ya ɗauko, ya rarrabu rassa-rassa. Kogin Kafin Hausa reshe ne nasa. Bayan ya wuce Haɗeja ya sake rabuwa a cikin dausayin Haɗeja da Nguru, abin da ya rage ya haɗu da kogin Jama'are a wajen Gashuwa, su zama Komadugu Yobe, wanda yake ƙarewa a Tafkin Cadi. Mu muna zaune ne daidai inda kogin yake rage gudu ya fara bazuwa. Albarkar fadamarmu daga nan take, wahalarmu ma daga nan take.

Abin da madatsun ruwa suka canza

Iyayenmu da ke zaune a nan sun san kogin yana cika da damina, ya bushe da rani har a taka shi da ƙafa. Wannan ya canza bayan an kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, da ta Challawa a wajen Ƙaraye a 1992. Madatsun nan biyu su ke riƙe da mafi yawan ruwan da yake shigowa kogin Haɗeja, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta gwamnatin tarayya ce mai hedikwata a Kano, ita take kula da su. Tun daga nan ake sako ruwa har da rani, domin shan mutanen Kano da noman rani.

Amfanin wannan a bayyane yake. Aikin noman rani na kwarin Haɗeja, wanda shingensa da manyan magudanansa suke a cikin ƙasarmu, da wannan ruwa yake rayuwa. A 2018 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya zo nan Auyo ya ƙaddamar da aikin gyara da faɗaɗa shi. Gidaje da yawa da a da samarinsu suke tafiya cirani yanzu suna noma sau biyu a shekara, kuma da kuɗin shinkafar rani ake ɗinka wa ɗalibanmu da dama kayan makaranta.

Sai dai akwai abin da ya biyo baya. Ƙasar da a da take bushewa na watanni yanzu tana jiƙe duk shekara, wannan kuwa shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ta cika magudanai, ta riƙe yashi da laka, hanyar ruwa ta ƙuntata. Idan damina ta yi ƙarfi a sama, madatsu suka cika suka yi amai, ruwan yana zuwa ya tarar da hanyarsa a toshe, sai ya fasa gefe ya shiga gonaki da gidaje. Haka muka gani a 2018, da 2020, da 2022. Kacalar nan kuma ita ce maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero, ruwan da ke kwance a cikinta kuma gidan sauro ne.

Yanzu mu dubi rajistar makaranta da wannan ido. Zangon farko yana farawa a Satumba, daidai lokacin da kogi yake kan ganiyarsa. Makarantar da ke gefen fadama tana iya buɗewa a takarda alhali hanyar zuwa gare ta tana ƙarƙashin ruwa. Wadda ke kan tudu ta tsira daga ruwan, amma sau da yawa ita ce masaukin waɗanda gidajensu suka rushe, domin ita ce ginin gwamnati mafi kusa. Bayan ruwa ya janye sai zazzaɓi ya kwantar da yara. Da shinkafa ta fara nuna sai a kwashe su zuwa korar tsuntsaye tun da asuba. Da an shiga dashen rani kuma, hannun yaro yana da daraja a gona. Jadawalin karatu ɗaya ne ga jiha baki ɗaya, amma yaron Dutse da yaron bakin kogi ba kwanaki ɗaya suke samu a aji ba. Idan aka zo jarrabawa kuwa takarda ɗaya za a ba su, kuma malamin bakin kogi za a tambaya dalilin faɗuwar ɗalibansa.

Yadda mulkin ya samo asali

Auyo tsohon gari ne. Kafin jihadi yana cikin ƙananan masarautu bakwai na wannan yanki waɗanda suke biyayya ga Borno ta hannun Galadima da ke Nguru. Mutanensa na da suna da harshensu, Auyakanci, ɗan'uwan Badanci da Ngizimanci, wanda yanzu ya ɓace, Hausa ta maye gurbinsa. Bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, aka haɗe waɗannan ƙasashe a ƙarƙashin Sarkin Haɗeja. Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi a 1906, suka ci gaba da mulki ta hannun sarki, hakimai da dagatai, tsarin da aka sani da En'e. A wancan zamani En'e ce take karɓar haraji da jangali, take riƙe da kotu, 'yan doka da gidan yari, ita ce kuma take gina makarantun elementare ta biya malamansu.

Gyaran 1976 shi ya kawo ƙaramar hukuma irin wadda muka sani. Gwamnatin soja ta lokacin ta mayar da tsarin iri ɗaya a duk Najeriya, ta kafa ƙananan hukumomi kimanin 300, ta ba su kaso daga asusun tarayya, ta kuma mayar da sarakuna masu ba da shawara. Ƙa'idar da aka shimfiɗa a lokacin ita ce kowace ƙaramar hukuma ta ƙunshi mutum tsakanin dubu 150 da dubu 800. Daga baya gwamnatoci suka yi ta rarraba su har suka kai 774, adadin da kundin tsarin mulki na 1999 ya lissafa da sunayensu. Ku lura, yawan mutanen Auyo a ƙidayar 2006 bai kai mafi ƙarancin adadin da aka sa a 1976 ba. Rarrabawar ta kawo hukuma kusa da talaka, amma ta bar mu da hukumomi ƙanana waɗanda harajin cikin gidansu, na kasuwa da tasha da mahauta, ba zai iya riƙe su ba. Kusan duk abin da suke kashewa daga Abuja yake zuwa.

A yau muna da shugaban ƙaramar hukuma da mataimakinsa, da kansila ɗaya daga kowace mazaɓa, waɗanda su ne majalisar da take amincewa da kasafin kuɗi da dokokin cikin gida. Akwai sassan ma'aikata na mulki, kuɗi, ayyuka, noma da walwalar jama'a. Gefe guda kuma ga hakimi, dagatai da masu unguwanni, waɗanda ba su da kasafi, amma su ne suke sanin gidan da ruwa ya ci da yaron da aka cire daga makaranta. A majalisar wakilai ta tarayya muna mazaɓa ɗaya da Haɗeja da Kafin Hausa, a majalisar dattawa kuma muna Jigawa ta Arewa maso Gabas.

Abin da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma

Sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi. Jadawali na huɗu kuma ya jera ayyukansu, kuma yana da kyau kowane malami ya san su. Akwai ginawa da gyara hanyoyi, tituna da magudanan ruwa. Akwai kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, banɗakunan jama'a da kwashe shara. Akwai ba da lasisin kekuna, amalanke, baro da kwale-kwale. Wannan na ƙarshe mai yiwuwa ya ba mutumin birni dariya, amma ga wanda ɗalibansa suke shiga jirgin fito kafin su iso aji, magana ce ta rai da mutuwa.

Game da ilimin firamare, lafiya da bunƙasa noma, kalmar da jadawalin ya yi amfani da ita tana nufin shiga cikin aikin gwamnatin jiha. Ma'ana, ƙaramar hukuma mai taimakawa ce, nauyin asali yana kan jiha. Kotun Ƙoli ta bayyana haka a hukuncin da ta yanke a 2002 a shari'ar rabon arzikin ƙasa tsakanin tarayya da jihohi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta zo ta tsara aikin hawa uku: hukumar UBEC a tarayya, wadda take samun kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ta raba wa jihohin da suka kawo nasu kason, hukumar SUBEB a jiha, sai hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a ƙarƙashin sakataren ilimi, wanda shi ne shugabanmu na kusa.

Idan muka haɗa wannan da abin da na faɗa game da kogi, za mu ga matsayin ƙaramar hukumarmu sarai. Ba ita take buɗe Tiga ko Challawa ba. Ba ta da ƙarfin yashe kogin Haɗeja ko share kacala daga Ringim zuwa Guri. Wannan aikin tarayya ne da jihohin da kogin ya ratsa. Ba ita take tsara jadawalin karatu ba. Amma kwalbatin da ya karye tsakanin ƙauye da makaranta nata ne. Jingar da za a ɗaga a bayan gari, magudanar da za ta fitar da ruwa daga filin makaranta, jirgin da yake ɗaukar yara fiye da ƙima, duk suna cikin hurumin da doka ta ba ta. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu wani jami'i a Abuja ko Dutse da zai san wace hanya ce take fara nutsewa a Gatafa ko Unik kamar yadda kansilan wurin da hedimastan wurin suka sani.

Hanyar da kuɗin yake bi

A tsarin rabon da ake amfani da shi, daga asusun tarayya gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. Sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kason yake sauka kafin ya isa inda aka nufa. Daga wannan kaso ake cire albashin malaman firamare a yawancin jihohi, a biya ta hannun SUBEB. An daɗe ana kuka a faɗin ƙasa cewa gwamnoni suna riƙe kuɗin, suna kuma naɗa kantomomi a maimakon a yi zaɓe.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a na tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar a kan jihohi 36. Ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki, kuma ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba ba ta cancanci kaso ba. Jihohi da dama, har da tamu, sun gudanar da zaɓen ƙananan hukumomi a cikin watannin da suka biyo baya. Aiwatar da sashen kuɗi na hukuncin kuwa ya zo da jan ƙafa da muhawara.

Mutane da yawa sun yi murna da hukuncin, kuma suna da hujja. Idan kuɗin Auyo ya sauka a Auyo, talaka ya san wanda zai tambaya. Amma malamin firamare yana da tarihin da yake sa shi ɗari-ɗari. A 1988 an kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa domin a daidaita biyan malamai. A 1991 aka rushe ta, aka miƙa makarantun firamare da albashinsu kacokan ga ƙananan hukumomi. Abin da ya biyo baya iyayenmu da ke wannan zaure sun fi ni saninsa, domin mu a lokacin muna zaune a benci ne: malamai a sassa da yawa na ƙasar nan suka yi watanni ba albashi, yajin aiki ya yawaita, wasu suka bar alli suka kama kasuwanci, iyaye masu hali suka kwashe 'ya'yansu. Sai a 1993 aka maido da hukumar. Ba kuma tsohon labari kaɗai ba ne. A 2025 malaman firamare na Babban Birnin Tarayya, waɗanda ƙananan hukumomin Abuja shida suke biya, sun yi sama da wata uku suna yajin aiki a kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 da bashin da suke bi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Dalilin haka ba boyayye ba ne. Albashin malamai shi ne kaya mafi nauyi a kan kason yawancin ƙananan hukumomi. Ranar da kaso ya ragu, ko zaɓe ya matso, ko ambaliya ta zo da buƙatar gaggawa, babban tulin kuɗin da ido zai fara kaiwa gare shi namu ne. A ƙasar fadama irin tamu, inda gaggawa take zuwa kusan kowace damina, wannan haɗari ya fi na ko'ina. Shi ya sa uwar ƙungiyarmu ta ƙasa ta daɗe a kan matsayi ɗaya: ba ta adawa da 'yancin ƙananan hukumomi, amma a cire albashin malaman firamare tun daga tushe, a biya shi ta hannun hukumar ilimi ta jiha.

Abin da ya kamata reshenmu ya nema

Na farko, mu tsaya a kan wannan matsayi na uwar ƙungiya, mu kuma iya bayyana shi ga maƙwabtanmu da hujja. Kada a ɗauka malamai suna ƙin ci gaban ƙaramar hukumarsu. Shugaban da aka sauke wa nauyin albashi shi ma ya huta, domin abin da ya rage a hannunsa ya san na aiki ne.

Na biyu, mu tattara abin da muka sani a rubuce. Kowane shugaban makaranta yana da rajista da littafin tarihin makaranta. A rubuta ranar da ruwa ya yanke hanya da ranar da ya janye, kwanakin da makaranta ta yi a rufe, kwanakin da ta yi tana masaukin jama'a, kujeru da ƙofofin da suka lalace, da yawan ɗaliban da suka zo a kowane wata. Reshe ya haɗa waɗannan mazaɓa-mazaɓa, ya fitar da taswira guda mai nuna makarantun tudu, na fadama, da waɗanda sai an haye ruwa. Ba a buƙatar kwamfuta kafin a yi wannan. Kwali da alƙalami sun isa. Hukumar kula da koguna da ruwan ƙasa ta tarayya tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, tana ambaton ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari.  Taswirarmu ce za ta kai shi har ƙofar aji.

Na uku, mu kai wannan taswira gaban sakataren ilimi, shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli kafin a rubuta kasafin kuɗi, tun ran gini tun ran zane. Buƙatunmu su zama masu suna da wuri: kwalbati a hanya kaza, jinga a bayan makaranta kaza, sabon aji a kan tudu da harsashi mai tsawo a maimakon a sake gina shi inda ruwa ya rushe na baya. A nemi a yi wa jiragen fito rajista, a ƙayyade yawan mutanen da za su ɗauka, a samar da rigunan ruwa a mashigan da ɗalibai suke bi.

Na huɗu, maganar masauki. Babu malamin da zai rufe ƙofar aji ga maƙwabcin da gidansa ya faɗi, kuma da yawa daga cikin masu neman mafakar iyayen ɗalibanmu ne. Abin da muke nema shi ne a shirya tun kafin damina: a ware wasu wurare a kan tudu a kowace mazaɓa, idan kuma dole sai makaranta, a bar wasu ajujuwa domin karatu, a san wanda zai gyara abin da ya lalace, a haɗa hakimi, dagatai, kwamitin gudanar da makaranta da hukumar agajin gaggawa ta jiha a cikin shirin.

Na biyar, mu roƙi SUBEB ta hannun sakataren ilimi ta ba makarantun fadama damar rama kwanakin da ruwa ya cinye, ko ta ƙarin darasi ko ta gyara hutu, a kuma duba alawus na musamman ga malamin da aka tura inda sai ya cire takalmi ya naɗe wando kafin ya isa wurin aiki. In ba haka ba, kowa zai yi ta neman canji zuwa bakin titi, makarantun da suka fi buƙatar ƙwararru su zama su ne ba su da su.

Na shida, mu riƙa halartar al'amuran hukumarmu a matsayin 'yan ƙasa. Kason da kowace ƙaramar hukuma take samu duk wata ana buga shi a fili, ana iya ganinsa a intanet. A ƙauyuka da yawa malami ne mutumin da ake kawo wa takarda ya karanta. Idan shi bai san sunan kansilansa ba, bai san nawa ya shigo ba, wa zai sani? Ƙungiya ba jam'iyya ba ce, kuma dokar aiki ta hana mu siyasar jam'iyya. Tambayar inda aka kai kuɗin kwalbati kuwa haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne.

Na ƙarshe ya shafi allo da alli. Ɗalibanmu suna haddace jihohi 36 da manyan biranensu, suna iya faɗin kogin Kwara da na Binuwai, amma kaɗan ne za su iya zana hanyar da ruwan da ya shiga ɗakinsu ya biyo. Manhajar nazarin zamantakewa ta ba mu damar fara darasi daga gida, unguwa da ƙaramar hukuma. Mu yi amfani da ita. A fita da yara filin makaranta, a zana kogin a ƙasa da tsinke, daga Tiga zuwa Wudil, zuwa Ringim, zuwa nan, zuwa Gashuwa. A tara rairayi a yi tudu, a zuba ruwa a buta a ga inda zai bi, a toshe hanyar da ciyawa a ga abin da zai faru. A sa su lissafa mazaɓu goma, su faɗi aikin kansila da na dagaci. Daga cikin yaran nan ne za a sami kansiloli, shugabannin ƙaramar hukuma da injiniyoyin ruwa na shekaru ashirin masu zuwa, kuma abin da suka fahimta a aji huɗu shi za su ɗauka zuwa ofis.

'Yan'uwana malamai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina ba da shawarar kafin mu tashi daga wannan taro a kafa ƙaramin kwamiti, malami ɗaya daga kowace mazaɓa, wanda zai karɓi bayanan makarantu ya kawo taswirar farko a taronmu na gaba, domin ta isa hannun hukuma kafin ruwan bana ya sauka.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare garuruwanmu da makarantunmu, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya.